Yadda Ɗalibi Zai Koya Wa Ɗan'uwansa

 Ga wata magana da na ke so mu duba tare, game da wani abu da kowane ɗayanmu zai tarar ran da aka danƙa masa aji a ƙauye. Abin kuwa shi ne, yara da yawa, malami guda, lokaci kuma ba ya jiran kowa. To, shin ya kamata malami ya sa waɗansu yara su koya wa waɗansu? In ya kamata, ta wace hanya, kuma ina iyakar abin? Ni dai ba gwani ba ne, amma na gwada da hannuna sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo a arewacin Kano. Na yi kuskure, na kuwa ga abin da kuskuren ya haifa. Shi ya sa na ga ya fi kyau in faɗa muku tun ba ku taka inda na taka ba.

Ƙasar da yaran su ke

Wanda ya fita daga birnin Kano ya nufi Bichi ko Ɗambatta, ko ya ratsa ƙasar Dawakin Tofa da Minjibir da Makoɗa, zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona ce ke bin gona, gida na hangen gida, itatuwan da ke tsaye kuwa, su gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya, duk da masu su. Ba a cika barin gona ta yi saura ba, kowace shekara sai an nome ta. Abin da ya riƙe ƙarfin ƙasar shi ne taki, wanda a ke kaiwa da rani a kan jakuna da amalanke. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da abokin aikinsa sun buga bincike a kan wannan yanki a 1965, suka nuna yadda jama'a masu yawan gaske su ke ci daga ƙananan gonaki ba tare da ƙasar ta mutu ba.

Wannan hali ya shafi makaranta ta fuska biyu. Ta farko, inda mutane suka yi yawa yara sun yi yawa, aji sai ya cika ya batse. Ta biyu, gonar da ba ta hutawa mai ita ma ba ya hutawa, ƙarfin noman kuwa 'ya'yan gida ne. Zangon karatu na uku ya kan faɗo daidai da shuka da noman fari, na farko kuma daidai da girbin gero da dawa da roron wake. Ranar da ruwan shuka ya sauka, kada malami ya yi mamaki in ya ga benci babu kowa. 'Yan mata kuma ga ɗiban ruwa, ga surfe, ga talla ran kasuwa. Ba ƙin karatu ba ne, abinci a ke nema. Amma lissafi kamar tsani ya ke, yaron da ya rasa kwana uku ya rasa matakala uku, in ya dawo sai ya tsaya a ƙasa yana kallon 'yan'uwansa a sama.

Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami guda ya riƙe yara 40 a ajin babbar sakandare. Ajin da aka ba ni ya kai ninkin wannan. Ku yi lissafi da kanku: darasi minti 40 ne, in yara 80 ne, rabon kowane yaro rabin minti ke nan, in ma malami bai rubuta kome a allo ba. A 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi, don ta ga abin ya kai inda ya kai. Amma gina azuzuwa da horad da malamai aikin shekaru ne, yaron da ke aji na ƙarshe kuwa bana zai zauna jarrabawar WAEC da NECO. Shi ba zai iya jira ba. Don haka tilas malami ya duba abin da ke hannunsa, abin da ke hannunsa kuwa shi ne yaran kansu.

Abin ba baƙo ba ne a gare mu

Duk wanda ya yi makarantar allo a cikinmu ya san wannan dabara tun bai san sunanta ba. Almajirai hawa-hawa ne: akwai kolo, akwai titibiri, akwai gardi. Malam guda ba zai iya zama da kowane yaro yana nuna masa babbaƙu da farfaru ba, saboda haka na gaba shi ke jan na baya. Ni kaina yawancin haruffana a bakin wani gardi na ji su, a gefen wutar kara, da dare.

Amma da na girma na waiwaya, sai na lura da abubuwa uku da malaminmu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa sakar wa kowa ba. Na ɗaya, shi ke zaɓen wanda zai biya wa wane. Na biyu, shi ke faɗin inda za a tsaya da inda za a ƙara. Na uku, wanda ya fi duka, ba a wanke allo sai shi da kansa ya ji karatun. Ko gardi ya rantse yaro ya iya, sai yaro ya durƙusa gaban Malam ya karanta. In an sami gyara, gardin ne zai fara shan faɗa kafin yaron. Ku riƙe waɗannan uku, domin duk maganata a kansu ta ke tsaye.

Malaman da ma sun san amfanin ɗalibai su taimaki juna. Littafin nan Ta'alimul Muta'allimi na Shaihu Zarnuji, wanda a ke karantawa a zaurukanmu, ya kwaɗaitad da ɗalibi ya riƙa yin muzakara da abokansa, watau tattauna darasi da tambayar juna, ya kuma gargaɗe shi ya san irin abokin da zai zaɓa. Haka nan Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Da ta ga ba za ta iya zuwa kowane ƙauye ba, sai ta riƙa zaɓen waɗansu mata masu hankali da natsuwa, ta koya musu, ta naɗa su jajoji, ta ba su malfa, su kuma su koma su koya wa matan ƙauyukansu, waɗanda a ke kira 'Yan Taru. Ku lura, ba ta aiki jaji ba sai da ta koya mata, kuma jajojin su kan dawo wurinta su ƙaro.

Yadda Turawa suka gwada

Turawa ma sun bi wannan hanya, labarinsu kuwa akwai darasi a ciki. A 1789 aka ba wani limamin Kirista mutumin Sikotilan, Andrew Bell, riƙon wata makarantar marayu a Madaras ta ƙasar Indiya, birnin da yanzu a ke kira Cennai. Malaman da ya tarar ba su da yawa, ba su kuma da himma. Wata rana ya wuce wata makarantar mutanen ƙasar, ya ga yara suna koyon haruffa suna zanawa da yatsa a yashi. Ya koma ya sa wani yaro ɗan shekara takwas ya koya wa ƙanana haruffa ta wannan hanya. Abin ya yi kyau, har ya mai da makarantar duka bisa wannan tsari, ya buga littafi a kansa a 1797.

A 1798 kuma wani saurayi, Joseph Lancaster, ya buɗe makarantar 'ya'yan talakawa a kudancin Landan. Ba shi da kuɗin ɗaukar malamai, sai ya raba yaran goma-goma, kowane goma da monitansu. Shi ya koya wa monitoci, su su koya wa sauran. Kafin 'yan shekaru yaransa suka kai ɗaruruwa, alhali malami shi kaɗai ne. Masu mulki suka ji daɗi ƙwarai, don ga ilmi da araha. Tsarin ya bazu cikin Ingila, ya ƙetare zuwa Amirka da waɗansu ƙasashe.

To, amma bai daɗe ba. Da aka duba da kyau, sai aka ga yara suna ta maimaita kalmomi kamar aku, ba su san ma'anarsu ba, domin monitan da ke biya musu shi ma bai sani ba. Yaro na iya miƙa wa yaro abin da ya haddace, amma ba ya iya miƙa fahimtar da ba shi da ita. Monitocin kansu kuma karatunsu ya tsaya, sun zama ma'aikata ba albashi. A 1846 hukumar Ingila, bisa shawarar James Kay-Shuttleworth, ta kawo wani tsari dabam. A ɗauki yaro mai hazaƙa daga shekara 13, ya yi shekara biyar ƙarƙashin malami yana koyon aikin, a biya shi, malamin ya riƙa ba shi darasi nasa na musamman, kowace shekara kuma sufeto ya jarraba shi. Watau dai bayan kusan shekara hamsin suka komo kan abin da malamin allo ya sani: ba a wanke allo sai babba ya ji.

A zamanin baya-bayan nan ma masana sun auna abin. A 1982 waɗansu masana uku a Amirka, Peter Cohen da James Kulik da Chen-Lin Kulik, suka tattara bincike 65 da aka yi a kan koyarwa irin wannan a makarantu. Suka tarar yaran da aka taimaka sun fi takwarorinsu cin jarrabawa, masu taimakon su ma fahimtarsu ta ƙaru. Suka kuma tarar amfanin ya fi yawa inda aka tsara aikin sosai, da inda bai yi tsawo ba, kuma ya fi fitowa a lissafi bisa ga karatu. Ashe ba yawan sa yara su koyar ne ke kawo riba ba, tsarin da malami ya yi ne.

Kuskuren da na yi

Da na ga yawan ajina, sai na ce na sami dabara. Na zaɓi yara shida da suka fi kowa maki, na kasa ajin kashi shida, na ce kowa ya ɗauki kashi guda. Bari mu kira irin wannan yaro jagora. Na rubuta musu tambayoyi a kan lissafin kashi cikin ɗari, ni kuwa na koma gindin darbejiya ina duba littattafai, ina jin daɗi wai aiki na tafiya.

Cikin tambayoyin akwai wannan. A ce buhun gero a kasuwar Dawanau naira 50,000 ne. Da damina ta yi nisa ya tashi da kashi 20 cikin 100. Da kaka ta yi ya sauka da kashi 20 cikin 100. Nawa ya koma? Jagoran kashi na farko, wanda shi ne na ɗaya a ajin, ya ce wa mutanensa, "Wannan ai ba sai an yi lissafi ba. Abin da ya hau da ashirin ya sauko da ashirin, ai ya koma inda ya ke." Duk suka rubuta 50,000. Alhali kuwa ashirin cikin ɗari na 50,000 shi ne 10,000, buhu ya zama 60,000. Ashirin cikin ɗari na 60,000 kuwa 12,000 ne, buhu ya koma 48,000. Hawan daga ƙaramin kuɗi aka auna shi, saukar daga babba.

Ban sani ba sai ran Juma'a da na yi musu gwaji da tambaya mai kama da ita. Takarda goma sha uku, kuskure iri ɗaya. Da na tashi gyarawa sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai ba haka aka koya mana ba." Kun ji fa, maganar jagora ta riga tawa shiga, ta kuwa zauna. Sai da na yi kusan mako biyu ina tumɓuke abin da aka shuka cikin minti biyar. Daga baya wani yaro, wanda ubansa ke sayad da hatsi, ya same ni ya ce shi tun farko ransa bai kwanta da amsar ba, amma ya ga wane ne shi da zai ja da na ɗaya a aji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jagoran kansa. Yara suka sa shi gaba da tsokana, ya yi kwana biyu bai zo makaranta ba, da ya dawo kuma ya daina ɗaga hannu. Na kai kukana wurin wani dattijon malami da ya daɗe a makarantar. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, kai ka duba tambayoyin tare da shi kafin ka tura shi?" Na ce, "A'a, Allah ya gafarta Malam." Ya ce, "To, laifin wa ke nan? Ka aiki yaro kasuwa ba ka ƙirga masa kuɗi ba." Na rasa ta cewa. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma a nan ni na ɗaura wa yaron ƙuƙumin. Washegari na tsaya gaban aji na ce kuskuren nawa ne, ba nasa ba.

Ribar da jagora ke samu

Kada wannan labari ya sa ku guji abin, domin da na gyara tsari na ga alherinsa, har a wurin wannan yaro. Wata rana yana nuna wa mutum huɗu yadda a ke tara rabi da sulusi. Shi ya san ƙa'ida, a nemi adadin da biyu da uku ke shiga, a mai da su sudusai, a sami biyar cikin shida. Sai wani ya ce masa, "Don me ba za a tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, a sami biyu cikin biyar ba?" Ya yi shiru, domin shi kansa bai taɓa tambayar dalili ba. Ya kwana yana tunani. Da safe ya zo ya zana gona a ƙasa mai kunya 12. Ya ce, "Yaya ya nome rabi, kunya nawa ke nan?" Suka ce shida. "Ƙane ya nome sulusi, nawa?" Suka ce huɗu. "Duka nawa aka nome?" Suka ce goma cikin goma sha biyu, watau biyar cikin shida. Sa'an nan ya ce, "Biyu cikin biyar ko rabi bai kai ba. Yaya za a yi mutum biyu su yi noma, aikinsu ya gaza na mutum guda?" Duk suka yi dariya, suka kuwa gane.

Ni ban taɓa tunanin wannan misali ba. Yaron ya same shi ne don ya san gona kamar yadda su ka san ta, yana kuma magana da harshen da su ke mafarki da shi. Ga shi kuma yaro ba ya jin kunyar ce wa ɗan'uwansa bai gane ba, alhali gaban malami sai ya gyaɗa kai kurum. Shi kuma jagora, ranar ce ya san rabi da sulusi sani na gaskiya. Mutum ba ya sanin iyakar saninsa sai ran da aka ce ya bayyana wa wani.

Ƙa'idodi

Ga abin da na tsinta daga makarantar allo, da labarin Turawa, da kuskurena.

1. Sabon darasi na malami ne. Aikin jagora bita ce, da jawo wanda ya yi fashi har ya kamo 'yan'uwansa. Kada a ba yaro abin da malami bai riga ya koya wa aji duka ba.

2. A biya wa jagorori tukuna. Malami ya zauna da su ko da minti goma sha biyar ne, su warware kowace tambaya a gabansa, ya nuna musu inda a kan yi tuntuɓe. Ya kuma koya musu cewa "ban sani ba, bari mu tambayi Malam" ba abin kunya ba ne.

3. Kada kashi ya wuce mutum huɗu ko biyar. Goma sha uku aji ne, ba kashi ba. In da hali a haɗa 'yan ƙauye ɗaya ko unguwa ɗaya, don su iya haɗuwa bayan la'asar ko da ranar da gona ta hana ɗayansu zuwa makaranta. 'Yan mata a ba su jagora mace, su zauna cikin gida da yardar iyaye.

4. Ba lalle mai maki mafi yawa ne ya fi dacewa ba. A nemi mai haƙuri. Sau da yawa wanda ya sha wuya kafin ya gane ya fi iya nuna hanya, don bai manta inda ƙaya ta ke ba.

5. Alƙalami a hannun mai koyo. Jagora ya yi tambaya, ya jira, kada ya karɓi littafi ya rubuta amsa. Wanda aka yi wa noma bai koyi riƙon fartanya ba.

6. Lokaci ya zama gajere, kamar minti ashirin, sau biyu ko uku a mako. Jagora shi ma ɗalibi ne, yana da jarrabawarsa, yana da aikin gidansu. In makinsa ya fara sauka a sauke masa nauyin nan da nan.

7. Ba bulala, ba aike, ba karɓar kome. Jagoran da ya fara sa yara ɗebo masa ruwa ko ba shi kuɗin tara, a cire shi ran nan. Iko kaɗan a hannun yaro ya kan zama cin zali in ba a sa ido ba.

8. A riƙa juyawa. Wanda a ke ja a Turanci watakila shi zai ja a lissafi. Kada a bar aji ya rabu gida biyu, masu bayarwa kullum da masu karɓa kullum.

9. Kada a wanke allo sai malami ya ji. Sa'ad da a ke bita malami ya riƙa zagawa yana kasa kunne, ba ya koma inuwa kamar yadda na yi ba. Ƙarshen mako ya kira mutum guda daga kowane kashi, ba tare da sun san wanda zai kira ba, ya yi masa tambaya. In an sami kuskure a gyara a hankali, ba tare da an kunyata jagora ba.

10. A shaida wa iyaye. Malami ya je ya gai da mai unguwa da liman, ya yi musu bayani. Manomi ya san gayya: yau a gonarka, gobe a tawa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In aka ce masa gayyar karatu ce, zai gane nan take, zai kuma fi sauƙin ba da ɗansa rabin sa'a.

Gargaɗi biyu

Na farko gare mu ne, mu masu shirin zama malamai. Duk wanda ya ɗauki wannan hanya don ya huta, ya ɓata tun daga ƙofa. In an bi ta yadda ya kamata aikin malami ƙaruwa ya ke yi, don ga shirya tambayoyi, ga zama da jagorori, ga zagawa, ga gwaji. Abin da ke ƙaruwa tare da wahalar shi ne rabon kowane yaro. Wanda da rabin minti ne rabonsa, yanzu yana da minti ashirin tare da wanda zai saurare shi.

Na biyu kuwa, da ladabi, ga masu riƙe da al'amarin ilmi ne. Kada ganin yara na taimakon juna ya sa a ce an sami maganin ƙarancin malamai. Wannan tunani shi ya kai makarantun Lancaster ƙasa. Tun da Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ajin da ya fara kafawa na malamai ne. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, wadda ta yaye su Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, don horad da malamai aka gina ta. Magabata sun san cewa tushen makaranta malami ne. Jagora sanda ce ga mai ciwon ƙafa, tana kai shi kasuwa, amma ba ta zama ƙafa.

Tambayoyi don muzakara

1. A darasin da ka fi ƙwarewa, wane wuri ne yaro mai hazaƙa zai fi saurin yin kuskure yana ganin daidai ya yi? Rubuta guda uku.

2. An yi ruwan shuka ran Litinin, sulusin ajinka ba su dawo ba sai Alhamis. Tsara yadda za ka jawo su cikin mako guda ba tare da ka tsai da sauran ba.

3. Jagoranka mafi ƙwazo ya zo ya ce ubansa ya ce ya bar koya wa 'ya'yan wasu ya kula da nasa karatun. Me za ka ce wa yaron, me kuma za ka ce wa uban?

Ina roƙon duk wanda ya gwada wannan hanya a inda aka tura shi, ya rubuto abin da ya gani, na daɗi da na wuya, don mu ƙaru da juna. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na kuskure malamanmu su gyara mini, domin ni ma allona ba a wanke ba tukuna. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya ba mu haƙuri da 'ya'yan mutane, ya sa damina ta yi albarka. Amin. Haza wasalam.